Kananzir Ɗin da Na Miƙa a Karshi

A watan nan Kawu Habibu ya cika shekara shida da rasuwa. Yayan mahaifiyata ne, tsohon mai buga tafireta a wata ma'aikata, wanda ya yi ritaya ya koma Karshi da akwatunan ƙarfe uku cike da littattafai.

Yawancinsu ƙagaggun labarai ne na ƙasashen da hukuma ke ɗinka wa kowa riga iri ɗaya, ta kuma ƙone duk takardar da ta faɗi wani abu dabam. Shi ya nuna mini cewa wuta iri biyu ce a cikinsu: akwai ta dandali, wadda jama'a ke kewayewa suna tafi, akwai kuma 'yar fitilar da mutum ɗaya ke karewa da tafin hannunsa. "Amma lura, Nura," in ji shi, "hukuma umarni kawai take bayarwa. Ashanar tana aljihun maƙwabci."

Bayan sadakar arba'in, dangi suka taru don share ɗakinsa. Tufafi da tabarma duk sun sami magada, littattafai kuwa babu mai so. Wani babban ɗan'uwanmu, ma'aikaci mai digiri biyu, ya buɗe ɗaya, ya ga jan biron Kawu a gefen shafi, ya taɓe baki. "Waɗannan ne suka hana shi zama kamar mutane. Kada yara su kwasa." Aka zube su kan busasshen ganyen mangwaro a bayan gida, da rana tsaka. Babu soja, babu ɗan sanda. Aka ce, "Nura, miƙo kananzir." A gidanmu ƙarami ba ya musu da manya wajen kayan mamaci. Na miƙa.

Da Kawu zai leƙo yau, me zai gani? Ɗan'uwan nan namu mai digiri biyu ne ya fara tura saƙon tunawa da shi a zauren dangi na waya, wai mun yi rashin rijiyar ilimi. Sauran suka kwafi saƙon suka sake turawa, har da kuskuren rubutun da ke layi na biyu, ba wanda ya gyara. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, shi ya sa ba ya buƙatar bulala.

A jami'a ma haka. Ina shekarar ƙarshe, abokan karatuna kuma sun riga sun je shagon hoton takardu sun sayi binciken bara, sun sauya suna a bango. Da na ce zan yi nawa a kan wuta a irin littattafan Kawu, har dariya suka yi. Wani ya ce, "Oga, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka." Malamina ya gaya mini gaskiya: samo littattafan zai ci lokaci, ina iya ƙara shekara guda kafin in fita. Mahaifiyata kuwa ƙirga watanni take yi.

Kawu bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba, akwatunansa ma yanzu masara ake zubawa a ciki. Abin da ya rage littafi ɗaya ne da na ara ban mayar ba, da maganar nan ta ashana. Ranar Litinin na kai taken bincikena yadda na rubuta shi, ban sauya ko harafi ba. Allah Ya jiƙanka, Kawu. Sau ɗaya na miƙa kananzir, kuma ya isa.