Rigar Kawu ta Audugar Gida

Yau rigar da na saya a kasuwar Gusau ta yage a kafaɗa, ko damina biyu ba ta yi ba. Ina zaune ina fama da allura, ido ya ƙi ganin kafar, sai kawuna ya faɗo mini a rai.

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, yana noman auduga a Bungudu. Bai san wani taki ba sai kashin shanu da tokar murhu. Duk rani mukan kora jakuna zuwa mashekarin Fulani, mu cika mangaloli, mu dawo ƙafafu duk faso. In an zube takin, sai ya dumbuzi ƙasar ya sansana kamar mai zaɓen turare.

Wata rana na yar da sandata.

"Kawu, na gaji. Sa'o'ina duk sun tafi aikin dogo."

Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini hannun rigarsa. "Ja iya ƙarfinka."

Na ja, ko gezau.

"Daga gonar nan ta fito, tun ana goyonka. In muka bar ƙasar da yunwa, me 'ya'yanka za su sa?"

Ban tafi ba. Da ya rasu, da farin saƙi na audugar da muka tsinta tare aka yi masa sutura.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya tufatar da shi a Aljanna. Ni kuma ya ara mini gwiwar kai taki bana ma.