Huji Uku a Kafaɗa

Kafaɗata ta dama ta fara gocewa ne ranar da na faɗo daga kan amalanke, a hanyar gonarmu ta bayan Sandamu. Tun daga nan ta raina ni. In ɗaga buhu ta fita, in miƙa hannu zan ciro riga a ƙusa ta fita. Manomin da ba ya iya riƙe garma kuwa, sunansa ɗan kallo.

Mai mayar min da ita Baffa ne, ƙanin mahaifina, maɗorin garinmu. Sai ya kwantar da ni a zaure, ya cire takalmi, ya kafa diddige a hammatata ya ja, ina ihu yana hira da mutane. Ban taɓa son mutumin nan ba.

Da na gaji na tafi asibiti a Kano ban shawarce shi ba. Likita ya ce bakin gurbin ƙashin ne ya cinye. Suka yanko ɗan ƙashi daga ƙuguna, suka huda kafaɗar wuri uku, suka zura shi ta nan suka kafe. Likitan ya ja min kunne, ko buta kada in ɗaga sai dashen ya kama. In na kiyaye, baɗi zan yi noma.

Na dawo hannu a rataye, ina ɗingishi saboda ƙugun. Ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa ya tare ni a gindin dalbejiya, cikin jama'a.

"Kai ɗan nan, kafaɗa aka yi wa aiki ko ƙafa? Buɗe mu ga ɗinkin."

Na buɗe, don ba a musu da uba. Tabo uku ne, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Aka tuntsire da dariya.

"Wannan ai ko wanzami ya fi su barin shaida."

"Baffa, aikin a ciki yake. Likita ya ce..."

"To bari in ji na cikin."

Ya cafke wuyan hannuna, ya ɗaga sama ya murɗa baya. Na ji ƙas, har cikin haƙorana. Dashen ya ɓalle, hoton asibiti ya nuna haka daga baya, noman baɗi kuma ya tafi.

Ina durƙushe, yawu na zuba, na ga yana cire takalminsa a nutse.

"Ku kwantar min da shi," ya ce. "Ai dama nan zai dawo."