Filashin Mama Sau Biyu

Na fi shekara ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron a ce ina ɓata sunan dattijon coci. Sau uku ina farawa ina yagewa. Amma ba zan ambaci sunansa ba, kuma abin da ya yi a gaban jama'a ya yi shi. Idan duk da haka akwai zunubi a cikin faɗa, Ubangiji ya gafarta mini.

Citta nake sayarwa a kasuwar Kafanchan. Mahaifiyata tana ƙauyenmu, can bayan Fadan Kaje. Tana da ƙaramar waya mai tocila, a kashe take kwana shida cikin kwanon da take ajiye takardun asibiti. Ran Lahadi take kai ta gidan fasto a yi mata caji da sola. In an tashi sujada sai ta tsaya gindin mangwaron coci, wurin da kaɗai sabis yake kamawa, ta yi mini filashin. Ba ta taɓa sa katin da ya isa hira ba. Ni nake kira.

Muna da ƙa'ida a gidanmu, kowa ya san ta. Filashin ɗaya, ma'anarsa ina nan lafiya, kira ni. Biyu a jere, mutuwa ta shigo gida, ki taso. Sau ɗaya aka taɓa yi mini biyu, ranar da Baba ya rasu. Saboda haka Mama ko ba a kira ta ba, ba ta sake dannawa. Za ta ɗan tsaya, ta kashe wayarta, ta tafi gida.

A shekarar da citta ta yi kuɗi maigidana ya saya mini babbar waya mai shafawa. Ban iya ta ba. Lahadin farko ta fashe da kiɗa ana tsakiyar addu'a, na rasa inda zan danna, har na zauna a kanta. Bayan sujada dattijon nan ya miƙo hannu, bai ma tambaye ni ba. Shi ne magatakardan cocinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara da Turanci. Mata uku suna tsaye, don haka ya ɗaga wayar sama yadda za su ga yatsansa yana gudu. Ya ce akwai abubuwa a cikin waya da ba kowa ya sani ba, su da suka yi aiki a Kaduna ne suka sani. Ya shiga nan, ya fita can, ya mayar mini.

"Madam, na gyara miki. Ba za ta ƙara ba ki kunya ba."

Na tambaye shi me ya taɓa. Ya yi dariya ta hanci ya ce ko ya faɗa ba zan gane ba. Har godiya na yi masa, na rusuna. Wannan rusunawa tana cikin abubuwan da suke hana ni cin abinci in na tuna.

Abin da ya yi, daga baya na sani, shi ne ya kunna wani saiti mai alamar jinjirin wata, wanda yake hana waya yin ƙara ko motsi ko nuna komai. Ya sa mata lokaci: kowace Lahadi daga safe zuwa la'asar, don ya haɗa da taron zumuntar mata. Sauran kwana shida wayar lafiyarta ƙalau. Masu sayen citta suna kira, tana ƙara. Ta ina zan yi zargi?

Lahadi ta zo, ina zaune a taron zumunta da waya a cinya, shiru. Na fita na kira, a kashe. Da yamma na sake, a kashe. Na duba jerin kira na ga sunan Mama a sama, na ɗauka nawa kiran ne da ban samu ba, domin ban san ƙananan kibiyoyin da ke gefen suna su ne suke bambanta kiran da ya shigo da wanda ya fita ba. Lahadi ta biyu haka. Ran kasuwa na tambayi wata 'yar ƙauyenmu mai kawo doya, ta ce ta ga Mama a gona, garau take.

To in lafiyarta ƙalau, fushi take yi da ni ke nan. Na zauna ina tone kaina. Ko zanen da na aika mata ne bai kai na bara ba? Ko don na ce ta rage gishiri a gaban matar kawu? Har na tuno wata tsawa da na yi mata tun ina budurwa. Na yi azumi kwana biyu. Na so in je, amma lokacin sayen citta ne, kuma gaskiya ina tsoron fuskarta. Lahadi huɗu suka wuce a haka.

Ta biyar, sujadarmu ta yi tsawo, dattijon yana gaba yana karanta sanarwa, yana jan kowace kalma kamar shi ya rubuta Littafi Mai Tsarki. Sai wayata ta fashe da kiɗa, ta yanke. Coci ya juyo. Ya sauke takardarsa, ya tako har bencinmu, ya karɓe ta. Ba kunyar da na sha ce ta dame shi ba, aikinsa ne aka taɓa. Ya duba, sai fuskarsa ta washe. Ya juya ga jama'a ya yi bayani cewa aikinsa bai lalace ba, haka aka tsara abin.

"Kira ɗaya ba ya shiga. Sai in mutum ya kira sau biyu a jere, to na biyun zai yi ƙara."

Na ce, "Baba, sau biyu?"

Ya ce sau biyu mana, ga shi nan, kuma a gaya wa wannan Mama ta riƙa sanin lokacin sujada.

Ban san yadda na fita ba. Matan zumunta biyu suka biyo ni har tasha, ɗaya ta ɗaura mini ɗankwalina da ya faɗi, suka ce za su sanar a shirya zuwa gaisuwa. A motar Zonkwa ina kuka ina kira, a kashe. Mun yi nisa kafin rabin maganarsa na farko ya dawo mini: kira ɗaya ba ya shiga. Na buɗe jerin kiran, na danna sunanta, ya bazu. Ga su nan, kowace Lahadi ɗaya. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ta tsaya a gindin mangwaro sau huɗu tana jira, ni kuwa ina can ina azumi a kan gishiri. Yanzu ga biyu, wani ne ya danna da wayarta: ta mutu tana ganin na yar da ita.

Daga Zonkwa na hau mashin. Na shiga gida ban ji kuka ba. Mama tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, da kayan cocinta a jiki. Ba ta tashi ba. Ta dube ni daga ɗankwali zuwa takalmi, ta ce da yarenmu:

"Ashe kina ji. Na ce bari in gani ko gawata za ki zo wa."

Na durƙusa na yi mata bayani. Na nuna mata jinjirin watan, na nuna mata kibiyoyin. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta yi makaranta ba, amma ba ta taɓa jin wayar da take zaɓen wanda za ta ji ba, mai waya ne yake zaɓe. Ta ba ni abinci, ta ba ni gyaɗa in kai wa yara. Ba ta yarda ba.

Da na koma na sami dattijon, don ni ba na iya barin magana a ciki. Na zaci zai ce sannu. Ya cire tabarau ɗaya ya sa ɗaya, ya ce abin ya yi aiki daidai, tun da na gaggawa ya shigo. Ya ce laifin tsohuwa ne, me ya hana ta tura saƙo a rubuce. Matar da ko sunanta da dangwale take sa hannu. Mutum ya yi shekara talatin a ofis, ya san hanyar da ke ɓoye a cikin waya, bai san yadda uwayenmu suke kiran 'ya'yansu ba, alhali tasa uwar ma a ƙauye ta tsufa. Har yau yana karɓar wayoyin mata bayan sujada, suna rusuna masa.

Na zauna ni kaɗai da ɗan Turancina na firamare, kwana uku, har na kashe watan. Na kuma gano ana sa wa mutum tauraro don kiransa ya riƙa shiga ko yaushe, na sa wa Mama. Tana yi mini filashin yanzu, amma ba kowace Lahadi ba. Ranar da ba ta yi ba, ban san ko ita ce ba ta yi ba, ko wayar ce ta haɗiye. Biyun kuma ya lalace, domin in ya sake zuwa ban san me zan ɗauka ba.

Shi ya sa na rubuta. Wanda ya san waya da gaske, ba irin sanin dattijonmu ba, ya taimake ni da amsa a nan inda ya karanta wannan. Watan nan yana iya kunna kansa in waya ta mutu aka sake caji? Tauraron ya isa, ko akwai wani saiti a wani lungu da yake iya riƙe kira ɗaya? A rubuta mini da Hausa, a bi da ni mataki mataki, yadda zan iya karanta wa Mama ta ji daga bakin wani ba nawa ba.