Tayoyin Sanyi a Falonmu

Da muka taso daga Michigan zuwa Greensboro, duk a Amurka, abin da ya fi cin wuri a motar kayanmu shi ne tayoyina huɗu na lokacin sanyi, kowace da ƙarfenta. A can, mai mota yakan ajiye taya kashi biyu: ta lokacin zafi, da mai zurfin zane wadda ke kama titi idan ƙanƙara ta sauka. Shekara biyar na yi ina karatu a can, har na saba.

Maiɗakina ta so in sayar da su kafin mu taho. Ta tambayi matan Greensboro, sun ce mata ƙanƙarar garin ba ta kwana biyu a ƙasa. Na ƙi.

Gidan da muka kama yana bayan Gate City Boulevard, hawa na uku, ba gareji, ba lif. Ɗaya bayan ɗaya na rungumo su na hau da su, ina hutawa a kowane hawa. Na rubuta wa kowace wurinta da alli, gaba dama, baya hagu, na jera su a baranda. Ba a yi mako ba ofishin masu gida suka liƙa mana takarda a ƙofa, wai baranda ta kujeru ce da furanni. Na mai da su ɗakin ajiye tufafi. Kwana uku, mayafanta duk suka ɗauki warin roba.

"Malam," ta ce, tana miƙo mini mayafi in shinshina, "ko dai su ko ni."

Washegari da na dawo daga jami'ar da nake koyarwa, na tarar da sababbin tebura biyu a falo. Ta ɗora tayoyin bibbiyu, ta naɗe su da leda, ta sa faifan katako a sama, ta lulluɓe da atamfa har ƙasa. Sun yi kyau, ban isa in musa ba. Idan sanyi ya kama na sauke su na sa wa mota, sai na zafi su hau su gaje su, bayan na wanke su a bahon wanka tana tsaye a kaina. Teburanmu dai ba su taɓa yin hutu ba.

Ranar wata Sallah wata dattijuwa 'yar Maraɗi ta zo mana yini. Hajiya muke ce mata. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ba ta tuƙi, bas take hawa. Ta aje kofin shayinta, ta shafa teburin.

"'Yata, a ina kuka sami wannan? Ko bugunsa aka yi ba ya motsi."

Maiɗakina ta kalle ni. Ni kuma na shiga kallon silin. Hajiya ta ɗaga gefen atamfar, ta leƙa, ta ga taya, da rubutun "gaba dama" ta cikin leda. Maiɗakina ta gaya mata tayoyin ƙanƙara ne. Ta yi dariya har sai da ta share hawaye da bakin gyalenta.

"Ɗana, a garin nan? Me za ka taka da su, ganyen bishiya?"

Sanyi biyu suka wuce ina ta hawa da sauka da taya a banza. Maƙwabcinmu na ƙasa, wani Ba'amurke mai ritaya, ya saba fitowa da kofinsa ya tsaya kallo yana yi mini sannu.

A sanyi na uku aka yi ruwan da ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Muka wayi gari komai ya koma gilashi: rassan bishiyoyi, wayoyin wuta, matakalar bene. Jami'a ta rufe, shaguna sun rufe. Na yi shiri tsaf, na sa safar hannu, sai na rasa inda zan je. Ina tsaye a bakin taga da makulli a hannu wayata ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Ɗana, teburan nan suna ƙafar mota ko suna falo?"

"Suna mota, Hajiya."

"To zo ka kai ni aiki. Bas ɗinmu bai zo ba, kuma tsofaffina ba su karya ba."

Na je na ɗauko ta, muka tafi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Gaskiya ko tayar sanyi ba ta son irin wannan sulɓin. Sau biyu bayan motar ya yi rawa, Hajiya ta riƙe ƙofa tana salati. Mun wuce motoci uku da suka karkace a gefen hanya. Tafiyar da a da ba ta kai minti ashirin ba, sai ta ci mana kusan awa.

Da muka isa, muka tarar da mata biyu da suka gama aikinsu tun da asuba suna zaune da jakunkunansu, ba mai mai da su gida. Hajiya ba ta ko shawarce ni ba, ta buɗe musu ƙofar baya.

"Ku shiga, ɗana ne. Ya iya ƙanƙara."

Ɗaya 'yar Ghana ce, ta ji Hausa, muka yi ta hira; ɗayar ta yi barci tun kafin mu fita daga harabar. Na sauke kowacce a ƙofar gidanta. 'Yar Ghanar ta hana ni tafiya sai da ta shiga ta fito mini da shito cikin kwalba, baƙin yajin nan nasu.

Sai bayan azahar na iso gida, kafaɗuna sun ƙage saboda riƙon sitiyari. Na ba maiɗakina labarin tiryan-tiryan, na ɗan ƙara gishiri a wajen rawar motar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce sannu da ƙoƙari, sannan ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta tashi ta ɗora shinkafa.