Katifar Jakin Mijin Yayata

Shekarar da wasu baƙi suka zo garinmu koyar da tausayin dabbobi, mijin yayata ne ya fi kowa zaƙewa. Mutum ne mai son a san da shi, ko taron suna ne sai ya san yadda ya yi lasifika ta shigo hannunsa. Gonarsa ta tumatir tana jikin tawa a bakin kanal ɗin ban ruwa, kuma yana da wani tsohon jaki da ke kwasar masa kwanduna zuwa bakin titi, inda motoci ke lodi.

A gadon bayan jakin nan akwai miki mai faɗin tafin hannu, daidai inda akumarin ɗaukar kaya ke gogarsa. Maganin da muka gada shi ne a ɗebo baƙin mai daga injin ban ruwa a shafa, a mayar da akumari, a ci gaba da aiki. Baƙin suka ce man nan cin naman yake yi. Suka koya mana wanke ciwo da ruwan gishiri da hutar da dabba har ta warke, sannan suka raba wa masu jakuna wata 'yar katifa mai laushi da za a riƙa shimfiɗawa ƙarƙashin akumari. Gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Wautarsu ɗaya ce, sun ɗauka duk wanda ya tafa ya tuba.

Mijin yayata ya miƙe ya yi wa'azi a kan haƙƙin dabba, har da share ƙwalla da bakin riga. Nan take aka naɗa shi shugaban kwamitin tausayin dabbobi, aka ɗauke shi hoto yana shafa kan jakin. Shi kuwa jakin sai kauce kai yake, don bai taɓa ganin hannun nan ba tare da sanda ba.

Ba a jima ba na ga katifar a kan kujerar babur ɗinsa, an tamke ta da roba. Wai basir ke damunsa.

Tumatir ya nuna lokaci ɗaya kamar yadda ya saba, kowa na rige-rigen kai nasa kafin mota ta cika. Jakin nan ya wuni yana safa, ƙudaje na binsa, warin mikin har gonata. Abin ya ishe ni, na tare mijin yayata a hanya.

"Yaya, ka sauke masa kayan nan. Ga amalankena, ka ɗauka."

Ya dube ni kamar na faɗi abin dariya. "Kai ma ka ɗauki maganar taro da gaske? Jaki ai don wahala aka yi shi."

Ban taɓa jin na raina babba kamar ranar ba. Albarkacin yayata kawai ya sa na haɗiye abin da ke bakina.

A tsakiyar kakar jakin ya durƙushe a kan kwalbati, kwanduna suka kife. Shugaban kwamiti ya fara tsince tumatirinsa tsaf, sannan ya waiwayi dabbar da sanda. Duka bai tashe shi ba, ja ma haka. Da ya ga ba rai za a yi ba, sai ya aika a kira masu sayen fatar jaki tun da sauran numfashi.

Suka zo, suka ɗaga akumari, suka ga ramin da ke ƙasa, suka ce fata ta lalace, ba sa so. A nan ne fa na ga baƙin ciki na gaske a fuskar mijin yayata, ba irin na gaban hoto ba. Ya dafe kai yana salati.

"Da na sani da na sa masa katifar nan," in ji shi.

Ya bar jakin yana shure-shure a rana, ya gyara zaman katifar a kan babur, ya hau ya tafi.