Jikar Inna Hansatu da Yarinyar Cikin Tele

Inna Hansatu maƙwabciyarmu ce a unguwar Diguel, katanga ɗaya ta raba mu. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina za su Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna. Mijinta mahauci ne a mayankar Farcha. Da ya rasu sai ta kama sana'ar sharmut, ta yanka nama siri-siri ta shanya a igiya, ya bushe ta kai kasuwa. Tsakar gidanta kullum igiyoyi ne ja wur, iska na kaɗa su.

Mutum ɗaya ta rage mata, jikarta Lubna, wadda uwarta ta rasu tana goye. Lubna ɗalibar lise ce, wato sakandare, mai surutu da dariya har da buga cinya. Idan ta dawo makaranta tun daga bakin layi ake jin ta tana faɗa da mai klando, ɗan acaɓa, a kan ya bi da ita ta cikin taɓo.

Shekarar da aka ɗaura wa Inna farantin kama tashoshin tele a kan rufi, ta kamu da wani wasan Hausa da ake sawa bayan la'asar. Nakan shiga in zauna a gefen tabarma in taya su kallo. 'Yan mata biyu ne a wasan. Ɗaya Bebi, mai taunar cingam da ɓoye waya a cikin filo, ta ce za ta darasi ta wuce wurin saurayi. Ɗayar Ramatu, kanta kullum a sunkuye, muryarta ba ta wuce haɓarta. Babu ta uku. Duk yarinyar da ta fito, ko wannan ce ko waccan.

Inna ba ta ɗauki abin wasa ba. A wurinta gargaɗi ne aka aiko daga nesa. Bebi ta yi dariya, sai Inna ta juya ta dubi Lubna.

"Kin ji ko? Irin taki sak."

"Kai, Kaka! To in daina dariya ne don wata 'yar Kano ta yi?"

"Ga bakin nan ma. Haka ta fara."

Ta farke filon Lubna, ba ta sami komai ba sai auduga. Ta bi ta har ƙofar lise, ta laɓe bayan mai sayar da burodi. Daga ƙarshe ta rantse cewa in ta ƙara ganin alama ɗaya ta Bebi, boko ya ƙare.

Sai Lubna ta daina dariya da surutu. Da farko na ɗauka tsokana ce. Ta koma tafiya a hankali, ta ja mayafi har gira, in an yi mata magana ta ce, "To, Allah ya huci zuciyarki," da irin muryar Ramatu, har da ɗan numfashin da take ja kafin ta faɗa. Inna ta yi ta yabo a wurin mata. Amma makonni suka wuce, tsokanar ba ta ƙare ba. Ko mu biyu ne a tsakar gida, ba mai kallonmu, haka take. Na taɓa ce mata, "Ke Lubna, Inna ta tafi kasuwa, saki jikinki." Ta ɗago ta dube ni kamar ta ga baƙuwa, ta ce, "To, Yaya." Wata rana na lura leɓenta na motsi kafin Ramatu ta buɗe baki, kuma abin da leɓen ya faɗa shi Ramatu ta faɗa.

Sai ciwo ya kama Ramatu a cikin wasan. A irin waɗannan wasanni yarinyar kirki ba ta daɗewa, kowa ya sani, ita ake kwantarwa don a yi kuka. Ramatu ta ture kwanon abinci. Washegari Lubna ta ture nata. Aka kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. Ta dawo ta kwanta ta gefen hagu, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci, yadda ta cikin tele take kwanciya.

Inna ta sa aka sauke farantin. Bai hana komai ba, domin la'asar na yi kiɗan wasan zai taso daga gidanmu, da gidan Alamin tela, da na bayansu, Lubna kuma ta buɗe ido ta kasa kunne.

Ranar da aka ce za a nuna ƙarshen Ramatu, Inna ta kwashe sharmut ɗin da ke kan igiya kaf, ta bi layinmu gida-gida. Duk inda ta shiga ta ajiye ƙulli ta ce, "Don Allah, yau kaɗai, ku kashe." Matar Alamin ta yi dariya, da ta ga fuskar Inna sai ta je ta zare wayar da kanta.

Ban taɓa jin layinmu shiru haka da rana ba. Igiyoyin tsakar gida babu komai a kansu. Lubna ta rarrafo ta zauna a gaban tele a kashe, fuskarta ta fito a cikin baƙin gilashin, a daidai wurin da fuskar Ramatu ke fitowa. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ta mutu?"

Inna ta matso da kwanon tuwo.

"Wa ya ce miki? Ta tashi garau. Ta cinye tuwo malmala biyu, ta ɗauki jaka ta tafi makaranta. Har uwarta ta yi wa tsiwa a bakin ƙofa."

Lubna ta juyo a hankali. Ta dubi kakarta tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Kaka, ke ko kunyar ƙarya ba kya ji? Da tsufanki?"

Inna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na girgiza. Lubna ta jawo kwanon, ta leƙa, ta ce miyar ta yi ruwa. Ta ci loma ta farko tana mita.

Lubna ta gama lise bara. Inna na nan tana shanya namanta, telen kuma na lulluɓe a ƙarƙashin gado. Har yau a layinmu, in Inna na kusa, ba mai faɗin abin da ya sami Ramatu.