Ruwan Randar Kaka

A kowace shekara, idan na zo darasin rabe-raben abubuwa da 'yan ajina a Zawaciki, nakan tsaya wajen mai koli in sayi alif, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da ake kwantar da laka da shi. Da na riƙe shi sai in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar randa, in ga Kaka a tsugune a ƙofar ɗakinta.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a bayan kamfanonin fata na Challawa. Baba a can yake aiki, wajen da ake jiƙa fatu cikin wani magani su fito shuɗi-shuɗi. Hannuwansa ma haka suka rine, ko sabulu ba ya fitar da launin daga gefen farcensa. Ruwan da aka gama jima da shi kuwa wata kwata ce ke kwaso shi, ta bi ta bayan gidajenmu ta gangara kogi. Da damina yakan sirka da ruwan sama, warin ya ɗan lafa. Da bazara sai ya yi kauri, ya yi kumfa, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, har a bakin ƙofa kwabo yakan yi baƙi. Rijiyarmu ba ta da nisa da kwatar.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta tsoron ruwa komai dauɗarsa. A bakin kogi ta girma, tun kafin a kafa kamfani ko ɗaya, kuma ta iya gyaran ruwa yadda wasu suka iya tuwo. Za ta zuba shi a randa, ta zagaya alif a ciki, ta rufe da faifai ta tafi harkarta. Idan laka ta kwanta sai ta tsiyaye na sama ta cikin wani farin ƙyalle da ba wanda ya isa ya taɓa. Daga nan ta ɗebo a kwalba ta ɗaga wa rana. In ta ga haske ya ratsa tas, sai ta gyaɗa kai. Duk unguwar an san ruwanta. Masu jego sukan aiko a ɗebar wa jarirai, baƙo kuwa bai isa ya zauna ba sai ya sha moɗa guda. Ina alfahari da ita sosai, ko da yake bakina bai taɓa barinta ta huta ba.

Shekarar da na shiga sakandare aka yaye ƙanina, autanmu. Kamar yadda aka saba, ɗakin Kaka aka kai shi. Ta goya shi, ta dama masa koko, ta hana kowa ba shi ruwa in ba na randarta ba. Har Inna ta yi wa faɗa ranar da ta ba shi na famfon kamfani da Baba ya zo da shi a jarka, wai yana warin ƙarfe.

A wannan zangon ne malaminmu na kimiyya ya raba mana duniya gida uku. Ya faɗi sunayen da Turanci, sannan ya sauko mana da su Hausa. Akwai abu tsantsa, irin zinariya ko ƙarfe, wanda ko ka farfasa shi ba za ka sami komai a ciki ba sai shi. Akwai haɗaɗɗe, inda abubuwa suka haɗu suka zama wani sabon abu dabam, irin gishiri. Akwai kuma gauraye, irin gero da tsakuwa, kowa yana nan da halinsa. Ya ce maganin jiman nan haɗaɗɗe ne, da wani ƙarfe a cikinsa da ake kira kurom. Ya kuma ce gauraye iri biyu ne: wanda ido ke gani, kamar laka a ruwa, da wanda ya narke ya ɓace, kamar gishiri a ruwa. Na biyun nan ƙyalle ba ya tare shi.

Na dawo gida da zafina na zazzage wa Kaka. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke 'yar boko, ubanki ma da wannan ruwan na raine shi," in ji ta. "Abin da ba ya kwanta, ba ya tsayawa a ƙyalle, ido ba ya ganinsa, to aljani ne?"

Muka yi dariya, har da ni. Ban ja ba, don ni ma a raina darasin na jarrabawa ne.

Da bazara ta tsananta rijiya ta ja baya, ruwanta ya fara ɗanɗano. Kaka ta ƙara alif, ta ninka ƙyalle, ruwa ya fito garau. Ƙanina ya fara gudawa, ƙuraje suka feso masa, sannan ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke. A asibitin cikin gari likita ya ce ƙoda ce, ya tambayi wane ruwa yake sha. Kaka ta zaro kwalbarta daga jaka, ta ɗaga masa ita wajen taga. Inna ta ce likitan ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya tambayi inda rijiyar take. Aka faɗa masa a bayan kamfanonin fata take.

Kafin ruwan farko ya sauka aka binne ƙanina. Ba wanda ya auna rijiyar, don haka har yau ba zan rantse in ce ga abin da ya kashe shi ba. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne.

Bayan an share makoki, wata hantsi na dawo na tarar da Kaka a ƙofar ɗakinta da ƙwarya. Ba ta gan ni ba. Ta zuba gishiri a ruwa ta motsa har ya ɓace. Ta zagaya alif, ta jira. Ta tace da farin ƙyallen, ta ninka shi ta sake tacewa. Ta ɗaga wa rana, haske ya ratsa tas. Sannan ta kurɓa.

Ta daɗe da ruwan a baki kafin ta haɗiye. Da ta juyo ta gan ni, sai ta ce, "Yana nan."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kife randar a ranar. Daga nan har ta rasu ba ta ƙara miƙa wa kowa ruwa da hannunta ba. Baƙo zai zo ya zauna, ta gaishe shi, ta kira ni ko Inna ta ce a kawo masa. Mace da aka sani da moɗa a hannu ta koma tana ɓoye hannuwanta a cikin zane. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Yanzu gidaje sun cinye gonakin ƙauyen, an cike rijiyar, kowa ruwan leda yake sha. Kwatar tana nan, warinta ma yana nan. Ni kuma nakan tsaya gaban aji in narka gishiri, in sa alif, in tace, in ba wata yarinya ta ɗanɗana. Takan yamutsa fuska, ajin ya fashe da dariya. Nakan juya wajen allo in yi ta gogewa har su gama.